“Ai Kaɗan Ne”: Sakacin da Ya Cinye Tumatirin Maƙwabcina

A cikin magungunan ciyawa da ke shagunan kayan noma na ƙasar nan, da wuya a sami wanda ya kai 2,4-D arha da saurin aiki, da wuya kuma a sami wanda masu amfani da shi suka jahilta kamarsa. Ina cikin waɗanda suka jahilce shi. Da jahilcin ya tsaya a gonata da da sauƙi, sai ya tsallaka ya faɗa wa amfanin wani dattijo da bai ji ba bai gani ba. Na ga ya dace in ba da labarin yadda abin ya faru, da abin da na koya bayansa game da yadda shuka ke tafiyar da girmanta, ko Allah ya sa wani ya tsira daga abin da na jefa kaina da maƙwabcina a ciki.

Aikina koyarwa ne, amma kamar yawancin ma'aikata a wajenmu, ina taɓa noman rani don rufin asiri. Ina da ɗan fili a yankin Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin dubban manoma. A shekarar da abin ya faru shinkafa na dasa. Wanda muke iyaka da shi dattijo ne da ya yi suna a noman tumatir tun ina yaro. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam. Shi ya koya mini lokacin ba da ruwa da lokacin ɗauke shi, shi ke leƙa mini gona ranakun da makaranta ta riƙe ni, bai taɓa karɓar ko kwabona ba.

Da shinkafar ta kama ƙasa, ciyayi masu faɗin ganye suka taso mata. Na je shago aka ba ni kwalbar 2,4-D, mai shagon ya faɗa mini yawan da zan zuba a tanki mai lita 16. Ban tsaya a kan abin da ya faɗa ba, na ƙara, domin a tunanina in magani ya yi kauri ya fi kisa. Takardar da ke manne a jikin kwalbar kuwa ko dubanta ban yi ba. Da na gama feshi na zubar da ragowar, na kwarara ruwa a tankin, na girgiza, na juye. Ban tura ruwa ta cikin tiyo ba, ban kwance bakin feshin ba, ban taɓa matatarsa ba. Na rataye shi a bukka na tafi.

Ba a jima ba Baba ya same ni da safe. Ya ce, “Malam, ara mini tankinka mana, nawa robarsa ta mutu. Tsutsa ta fara taɓa tumatir, ina so in riga ta.” Tumatirinsa a lokacin ya yi kyau ƙwarai, ya rufe kunya, ya fara fure. Na ɗauko na miƙa masa. Har ya juya sai ya waiwayo ya ce, “Wankakke ne dai ko?” Na ce, “Wankakke ne tas, Baba.” A lokacin da nake faɗin haka na san irin wankin da na yi masa. Abin da na ce wa zuciyata shi ne, ko da saura ai kaɗan ne, ruwan da zai cika tankin zai shanye shi.

Cikin 'yan kwanaki gonar ta sauya kama. Ganyaye suka sunkuya ƙasa suna murɗewa, alhali ƙasa a jiƙe take, ba ƙishirwa ba ce. Sababbin ganyen da suka biyo baya suka fito sirara, a tsuke, ba su buɗe ba. Kara ya kumbura, wani wurin ya tsage, ƙananan ƙuraje suka feso masa. Fure ya riƙa zuba tun bai ƙulla ba. 'Ya'yan da suka samu suka ƙulla daga baya kuwa a karkace suka fito, masu tsinin gindi, in ka fasa ka tarar da cikin fayau. Ba wanda zai sa irin wannan a kwando ya kai kasuwa.

Kowa ya zo da tasa fassarar. Wasu suka ce cutar nannaɗewar ganye ce da farin ƙuda ke yaɗawa, wasu suka ce taki ne ya yi yawa, wasu suka ce baki ne. Baba ya tsaya a kan iri, domin a shekarar ya sauya wurin saye. Ranar kasuwa ya tafi wurin mai irin, ina cikin masu rakiya, ya yi masa faɗa a gaban jama'a, ya ce ya sayar masa da gurɓataccen kaya. Mutumin ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Ni kuwa tun ranar da na ga ganyen farko ya murɗe jikina ya ba ni, domin haka ciyayin shinkafata suka murɗe kafin su mutu. Na yi shiru. Wannan ne kuskurena na biyu, ya kuma fi na farko muni. Na farko sakaci ne da rashin sani, na biyu da sanina na yi shi, don tsoron kunya da tsoron biyan asara.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗan Baba ya ɗauko wani malamin gona, matashi mai haƙuri, ya zagaya gonar bai ce komai ba sai da ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, “Baba, cutar farin ƙuda ba haka take shiga ba. Ita nan da can take farawa, ganye ya naɗe sama, gefensa ya yi ɗorawa. Wannan kuwa gaba ɗaya ya kama, kuma kunyoyin da aka fara fesawa sun fi na ƙarshe lalacewa.” Ya durƙusa ya tsinko wani rukuɓu da ya fito a tsakanin tumatirin, ya ɗaga. “Dubi wannan, ba daga shagon iri ya zo ba, amma shi ma ya murɗe. Ga kiri-kiri a gefensa, ko a jikinsa. Me aka zuba a tankin da aka yi wannan feshi kafin maganin tsutsa?” Baba ya juyo ya dube ni.

Na faɗi gaskiya, daga ƙarin maganin da na yi har irin wankin da na yi wa tankin, har shirun da na yi a kasuwa. Baba ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki ya ce, “Malam, tumatir Allah ne ya bayar, shi ya karɓa. Abin da ya fi yi mini ciwo, na ci mutuncin bawan Allah a gaban mutane kana tsaye.” Ranar kasuwa ta gaba muka koma tare, a wurin da aka yi faɗan, na yi bayani da bakina a gaban jama'a, Baba ya nemi gafarar mai irin. Na biya kuɗin iri da taki da na 'yan ƙwadago, amma wannan bai kama ƙafar abin da gonar za ta ba shi ba. Sake dashe kuma ya wuce, domin zafi ya kawo jiki, tumatir kuwa ba ya ƙulla 'ya'ya sosai in zafi ya tsananta. Shekarar ta tafi masa a haka.

Bayan ƙura ta lafa, tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Ta yaya ragowar da ba ta cika cokali ba, a cikin ruwa lita 16, za ta yi wannan ɓarna? Ni da na ɗauka maganin ciyawa ƙona ganye yake yi, in ya yi yawa ya ƙone, in ya yi kaɗan ya wuce. Malamin gonar ne ya fara warware mini, sannan na bi littattafan kimiyyar tsirrai na makarantarmu. A nan na gane cewa shuka tana da sinadarai nata na cikin jiki, waɗanda masana ke kira homon. 'Yan aike ne. Ana yin su a wani sashe na shukar, su tafi wani sashe su isar da umarni: ka tsawaita, ka yi reshe, ka fitar da saiwa, ka nuna, ka zubar da ganye. Ɗan aike kuwa ba ƙarfinsa ake dubawa ba, saƙon da ya ɗauko ake bi. Shi ya sa abin da ido ba zai iya gani ba ya isa ya juya shuka gaba ɗayanta.

Wanda ya shafi labarina shi ne oksin. Tarihin gano shi ya faro ne daga Charles Darwin da ɗansa Francis a Ingila, waɗanda suka wallafa bincikensu a 1880. Sun lura cewa jaririn tsiron ciyawa yana karkata wajen haske, amma in aka yanke kansa, ko aka rufe kan da abin da haske ba ya ratsawa, sai ya daina karkata, alhali lanƙwasar a ƙasa da kan take faruwa. Suka ce lalle akwai wani abu da ke saukowa daga kai zuwa ƙasa. A 1926 wani ɗalibi a Utrecht ta ƙasar Holan, Frits Went, ya kama abin. Ya yanke kawunan tsirrai ya ɗora su a kan daskararriyar jeli har abin ya tsatso ciki, sannan ya ɗora gutsuren jelin a gefe ɗaya na tsiron da aka fille wa kai, a cikin duhu. Tsiron ya lanƙwasa, domin gefen da ya sami sinadarin ya fi ɗaya gefen tsawo. Cikin shekarun 1930 aka tantance ko wane sinadari ne.

Da na karanta aikin oksin sai na ga ashe mun daɗe muna hulɗa da shi ba mu san sunansa ba. A kan tsiro da sababbin ganye ake yin sa, yana gangarowa ƙasa, yana sa ƙwayoyin halitta su miƙe, yana kuma danne idanun rassan da ke ƙasa da shi don kada su tofo. Duk matar da ke da zogale a bayan ɗaki ta san in ta bar shi zai tafi sama siriri, in ta sare kansa sai ya yi rassa ya cika da ganye. Tushen oksin ta cire, idanun da ke danne suka sami sarari. Shi ne kuma ke sa reshen da aka yanka aka soke a ƙasa ya fitar da saiwa, shi ya sa masu rainon itatuwa ke tsoma gindin reshe a garin oksin na kanti kafin su dasa. Ƙurajen da na gani a karan tumatirin Baba ashe saiwoyi ne suka fara fitowa a inda ba wurinsu ba.

To, 2,4-D oksin ne na jabu. An ƙirƙiro shi a Ingila da Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1940. Ƙirarsa ta yi kusa da ta oksin na gaskiya har shuka ba ta bambanta su, takan karɓe shi ta bi umarninsa. Bambancin yana wuri ɗaya. Oksin nata na jiki, shuka tana yin sa daidai buƙata, da ya gama aiki ta rushe shi ko ta ɗaure shi ta ajiye. Na jabun kuwa tumatir ba ya iya rushe shi da sauri, sai ya zauna yana ta ba da umarnin girma ba tsayawa. Wani gefen kara ya fi wani tsawo, sai murɗewa. Ƙwayoyin halitta su yi ta rabuwa ba tsari, sai kumburi da tsagewa, har hanyoyin da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa su toshe. Girma ne ke kashe shukar.

Abin bai tsaya ga oksin kaɗai ba, domin waɗannan sinadarai a sarƙe suke da juna. Idan oksin ya yi yawa, shuka takan shiga fitar da wani homon mai suna etilin, wanda shi iska ne. Wani ɗan Rasha, Dimitri Neljubow, shi ya fara gano tasirinsa a 1901, da ya ga waken da yake rainowa a ɗakin bincike yana fitowa gajere, mai kauri, a kwance, ya bi diddigi ya tarar da etilin ne da ke cikin gas ɗin fitilun ɗakin. Etilin ne ya sunkuyar da ganyen Baba, yana kuma cikin abin da ya zubar masa da fure. Bayansa sai na uku ya taso, absisik asid, wanda aikinsa na asali shi ne rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye idan fari ya matsa, don shuka ta tattala ruwanta. A gonar Baba ruwa na nan a kwance, amma umarnin rufewa ya zo, ganye ya rage shaƙar iskar da yake haɗa abinci da ita. Ɗigon da na raina ya tayar da sinadarai uku a jikin kowane gindin tumatir.

Me ya sa shinkafata ta tsira, har da ƙarin da na yi? Domin shinkafa da masara da dawa da gero da alkama duk dangin ciyawa ne masu siririn ganye, jikinsu ya fi iya jure wannan sinadari da rage masa ƙarfi. Wannan ne ya sa maganin ya karɓu a duniya: yana kashe mai faɗin ganye ya bar hatsi. Shi ya sa kiri-kirin da malamin gona ya nuna bai ji komai ba. Amma juriyar tana da iyaka, masarar da aka fesa wa a lokacin da bai dace ba karanta yakan yi gautsi, saiwoyinta na sama su haɗe. Masu faɗin ganye kuwa, irin su tumatir da auduga da kuɓewa da wake da tattasai da kankana, ba su da wannan kariya, tumatir da auduga ma suna cikin waɗanda suka fi kowa saurin jin sa. Yawancin abin da muke nomawa a lambu yana cikin wannan rukuni, ga shi kuma kunya ɗaya ce ke raba fangalin shinkafa da na kayan miya.

Abin da ya ƙara girgiza ni shi ne sanin cewa wannan 2,4-D ɗin, a wasu ƙasashen masu noman lemo, ana fesa shi ga itatuwa don hana 'ya'ya zuba kafin lokaci. Sai dai ma'aunin da ake yi da shi a nan kashi kaɗan ne cikin miliyan. Wato a wannan ɗan ma'auni ma shuka tana jin sa, tana bin sa. Wanda ke awo da murfin kwalba da gwangwanin madara, yana ƙarawa da “ɗan ƙari”, bai san nisan da ke tsakanin awonsa da awon da shuka ke ji ba. Ga shi kuma sinadarin yana maƙalewa a jikin roba da tiyo da matata, maganin da aka zuba daga baya ya sake kwaso shi. Dalili ke nan da kunyoyin farko suka fi lalacewa, tankin farko ne ya kwashe mafi yawan ragowar.

Tun daga nan idona ya buɗe a kan abubuwa da dama da nake gani kullum. Etilin ɗin da ya sunkuyar da ganye shi ne ke nunar da tumatir da ayaba da mangwaro. Nunanne yana fitar da shi ya ja na kusa da shi, wanda ya fashe ko ya ƙuje ya fi fitarwa. Kwandon da aka danna, aka ɗora wani a kansa, aka kama hanya daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas cikin zafi, dole a tarar da ɓarna a cikinsa. Kabait ɗin da wasu ke nunar da kayan marmari da shi kuwa, iskar asitilin yake fitarwa idan ya sha danshi, wadda ke kwaikwayon etilin. Wani saƙon jabun ne, ga dattin sinadarai masu guba da ke tare da shi, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa.

Ita kanta gajeriyar shinkafar da nake dasawa labarin homon ce. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, yana aiki a Taiwan kan wata cuta da ke sa shinkafa ta yi tsawo fiye da ƙima, ta yi fari, ta faɗi ba ta yi ƙwaya ba. Ya gano cewa wata fumfuna ce ke fitar da sinadarin da ke jan tsawon. Daga baya aka sa masa suna jibaralin, aka kuma gano shuka da kanta tana yin sa. Irin shinkafar IR8 da cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta fitar a 1966 gajere ne saboda ba ya yin jibaralin da yawa. Gajeriyar alkamar da Norman Borlaug ya inganta a Meziko kuwa ba ta jin umarnin jibaralin sosai. Gajeren kara yana ɗaukar taki da nauyin zangarniya bai kwanta ba, wannan ne ya ninka amfanin gona a Indiya da Pakistan da wasu ƙasashen Asiya. A can ilimi ne ya taɓa homon da awo da lissafi, aka ciyar da miliyoyin mutane. Ni na taɓa shi da ka, na hana gida ɗaya amfanin shekara.

Har ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, da ya addabi dawa da gero da masara a ƙasar Hausa, ta wannan ƙofa yake shigowa. Saiwar hatsi tana fitar da wani sinadari cikin ƙasa don kiran wata fumfuna mai amfani da ke taimaka mata samo fosfaras, sinadarin da ke cikin takin supa. Irin ƙuduji yana kwance shekara da shekaru, ba ya tsirowa sai ya ji wannan kira. A 1966 aka fara ciro irin wannan sinadari daga saiwar auduga, a 2008 kuma aka tabbatar cewa danginsa homon ne da ke rage yawan rassa a jikin shuka. Idan ƙasa ta gaji, fosfaras ya yi ƙaranci, saiwa takan ƙara yawan kiran, ƙuduji ya ƙaru. Shi ya sa ya fi yawa a gonar da ba ta samun taki. Auduga da waken soya kuma suna sa irinsa ya tsiro amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu. Manomin da ke juya shuka tsakanin hatsi da waɗannan, yana rage ƙuduji ne da harshen da tsirrai ke ji.

Kada a ɗauka wannan matsala ta ƙaramin manomi ce kawai. A Amurka akwai wani ɗan'uwan 2,4-D mai suna daikamba, shi ma oksin ne na jabu. A 2017 ƙiyasin da wani masani na jami'ar Missouri ya tattara ya nuna eka kusan miliyan 3.6 na waken soya sun sami lahani daga wanda iska ta kwaso daga gonakin maƙwabta. Shekara ɗaya kafin nan, a iyakar Arkansas da Missouri, gardama kan wannan magani ta kai har an harbe wani manomi ya mutu. Can da manyan injuna da dokoki ke nan. Mu da gonakinmu ke manne da juna, muke aron tanki hannu da hannu, muke feshi cikin iskar hunturu, mun fi kowa buƙatar kiyayewa.

Ga abin da na ɗauka, nake kuma roƙon kowane manomi ya ɗauka. A ware wa maganin ciyawa tankinsa daban, a shafa masa jan fenti, kada maganin ƙwari ko takin ruwa ya taɓa shiga cikinsa. Wanda bai da halin tanki biyu, ya haɗa kuɗi da maƙwabtansa su saya, domin kuɗin tanki bai kai asarar fangali ɗaya ba. In dole ta sa a yi amfani da ɗaya, a wanke shi da omo, a tura ruwan ta tiyo da bakin feshi, a kwance matata a goge, a bar ruwan wanki ya kwana a ciki, a ɗauraye aƙalla sau uku, kuma duk da haka a nisanta shi da tumatir da auduga. Kada a yi feshi iska na kaɗawa wajen gonar wani, kada a yi shi cikin tsananin zafin rana, domin wani nau'in maganin yana tashi ya zama tururi ya bi iska. A karanta takardar kwalba, wanda bai iya ba ya ba ɗansa ko malamin gona ya karanta masa. Abin da aka rubuta shi ne awo, ƙari ba ya ƙara komai sai ɓarna.

Masu shagunan magani su ma suna da nasu kason. Mutumin da ya zo sayen 2,4-D, a tambaye shi me ke gefen gonarsa, a gaya masa maganar tanki kafin a karɓi kuɗinsa. Hukumomin aikin gona kuma su san cewa tambaya ɗaya da malamin gona ya yi a gonar Baba ta wanke mai iri daga zargi, ta hana a sake fesa wani maganin a kan cutar da babu ita. Ƙauyuka da yawa ba su da mai yi musu irin wannan tambaya.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ya wuce na tanki. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na san sunan magani, na san yana kashe ciyawa, sai na ɗauka na san shi, har na ba da tabbacin da ba ni da shi ga mutumin da ya amince da ni. Da na ce, “Baba, na ɗauraye shi dai, amma maganin ciyawa na yi da shi,” da shi da ya fi ni sanin gona ya ajiye tankin. Da kuma na yi magana ranar da ganyen farko ya murɗe, da ba a ci mutuncin mai iri ba. Duk wanda aka tambaye shi abin da lafiyar dukiyar wani ta rataya a kai, ya faɗi iyakar abin da ya sani, in kuma ɓarna ta auku ta hannunsa ya riga kowa faɗa. Manomi ɗan'uwana, kafin ka miƙa wa wani tankinka, gaya masa abin da ka zuba a ciki na ƙarshe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.